Dara a Cikin Kaset

Ran Talata wani saurayi ya zauna a bencin shagona na kasuwar Umbadda a nan Sudan, yana jiran in canza masa ramin cajin waya, yana ba abokinsa labari wai a sati biyu ya koyi haɗa manhaja. Abu ne mai sauƙi, in ji shi, in ka rasa wani abu ka shiga intanet ka kwafo. Na ce masa ni na yi wannan aikin tun ubansa bai nemi aure ba. Ya dubi furfurata, ya dubi yatsuna da dalma ta ƙona, ya yi dariya har da buga cinya. Na miƙa masa wayarsa. Wannan rubutu nasa ne, shi da ire-irensa masu shafa gilashi da ɗan yatsa suna kiran kansu injiniyoyi.

Sunana Garba, a kasuwa Usta Garba, don haka ake kiran mai sana'ar hannu a nan. Karatuna na allo ne, a wani ƙauyen 'yan cirar auduga cikin Jazira, shi ma ban sauke ba. Boko kuwa sati uku na yi, malamin ya roƙi babana ya ɗauke ni don sauran yara su samu su ji karatu. Na zo Umdurman aka damƙa ni hannun wani mai gyaran rediyo, Usta Hamad. Shekara biyu ban taɓa cikin rediyo ba. Aikina in riƙe masa kawiya, ƙarfen nan mai zafi da ake narka dalma da shi, in hure ƙura, in kawo shayi. Da ya fara koya mini, ba da baki ya koya ba. Sai ya buɗe rediyo ya tura min hanci ciki ya ce in faɗi abin da ya ƙone. In na yi kuskure, ƙotar sukudireba a tsakiyar kai. Har yau akwai ɗan kwari a wurin, wanzami na tambayata ko faɗuwa na yi.

Aikin kwamfuta na farko ƙarya ce ta kawo min shi. Wani Alhaji da ya dawo daga Saudiyya ya shigo da wani abu naɗe cikin tawul, kamar tafireta amma babu wurin saka takarda. Ya ce ya sayo wa iyalinsa, a talbijin ake jona ta, sun jona sau ɗaya ta yi tusa ta mutu. Ya tambaye ni ko na taɓa gyara irinta. Na ce wannan ce ta goma sha ɗaya. Da ya tafi na kwance ta. Babu bel, babu moto, babu abin da ke juyawa, sai waɗansu baƙaƙen ƙwari masu ƙafafu da yawa a jere kamar sahun salla. Na sa hanci. Taransifoma ce ta ƙone, don an yi ta ne domin wutar garin da ya zauna, tamu kuwa ta ninka ta ƙarfi. Kwana biyu ina warware wayar jan ƙarfe ina sake naɗa ta da hannu, ina ƙirga zagaye. Na jona a talbijin ɗina mai fari da baƙi, sai ga wani ɗan farin tabo a kusurwa yana ƙyaftawa. Yana ƙyafta min ido, ina ƙyafta masa. Ban san ko na gyara ba ko na ƙarasa ta.

A nan Ustaz Yaƙub ya shigo labarin. Na san shi da gani, kullum yana zaune wurin mai shayin da ke fuskantar shagona, da tabarau mai kauri da jallabiya a goge. Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a sakandare. Da masu kaki suka hau mulki, aka aiko masa da 'yar takarda cewa an sallame shi, wai don amfanin jama'a. Ku ji fa. Amfanin jama'a ne mutumin da ya san lissafi ya zauna gaban murhun shayi yana korar ƙuda, matarsa tana can tana gasa kisra, gurasar dawar nan, tana sayarwa don 'ya'yansu mata huɗu su ci. Ya tsallako ya tsaya bayana ya ce in matsa. Ya danna layi biyu da yatsa ɗaya, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, sai talbijin ta cika da sunana daga sama har ƙasa, tana ta zubo shi ba tsayawa. Ni da ban taɓa ganin sunana a rubuce ba sai a takardar asibiti. Daga ranar bencina ya zama ofishinsa.

To, ku masu cewa da sauƙi, bari in faɗa muku yadda ake yi. Abin da kuke ce wa manhaja mu barnamij muke cewa, kuma na'urar ba ta zuwa da komai a cikinta. Kai za ka faɗa mata komai, layi layi, kowane layi da lambarsa: goma, ashirin, talatin. Kalmomin na Turanci ne, ni kuwa Turancina bai wuce na jikin batir ba. Ustaz ke faɗa, ni ke dannawa, don idonsa ba ya jure hasken talbijin. A kan maɓallan nan na koyi baƙaƙen boko, ina ɗan shekara arba'in. In ka manta ɗigo ɗaya ta tsaya cik ta rubuta maka cewa ka yi kuskure, ba za ta gaya maka wanne ba. Kuma ba ta riƙe komai in wuta ta ɗauke. Ka yi awa uku kana dannawa, kahraba, wato lantarki, ta ƙyafta sau ɗaya, aikinka ya bi iska.

Ajiyarmu kaset ne, irin na waƙa. Ka jona rakoda, ka danna ɗauka, barnamij ya shiga ciki da wata irin ƙara kamar an shaƙe gyare ɗari. In za ka dawo da shi minti shida ne kana zaune ba ka motsi, ƙarar rakoda a kan wani zane da na yi da farce, ba sama ba ƙasa. In mai firji na kusa da ni ya kunna injinsa, a sake daga farko. Akwai wani ɗan ƙusa a gefen kan rakoda da ake juyawa da siririn sukudireba, kana saurare, har kukan ya yi kaifi. Wannan da kunne ake yi, babu littafin da ya rubuta shi. Mutane sun riƙa zuwa daga unguwannin tsallaken kogi, daga Sahafa, daga Bahri, da kaset ɗin da ya ƙi hawa, in juya ƙusan nan rabin zagaye su tafi suna cewa ina da aljanu. Lokacin zafi kuma na'urar kan rikice da rana tsaka, sai na ɗora ta kan tubali biyu kusa da randa, in riƙa yi mata fifita kamar amarya. Tawa ta kaina na same ta wurin wani da ya gaji da ita, muka yi musaya da fanka.

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce mafi muni. Sukari da kati, burodi da layi, fetur babu. Wuta tana zuwa kamar baƙon da aka ɓata wa rai. Kaset sabo ya zama abin nema. Cikin wannan hali Ustaz ya ji labarin wani mutum a Sahafa zai buɗe makarantar koyon kwamfuta, yana neman malami. Ya je, mutumin ya ce shi ba takardun shaida yake so ba, ya kawo abin da ya haɗa da hannunsa, in ya gamsu aiki nasa ne. Ustaz ya dawo ya zauna kan benci yana kallon tsofaffin da ke buga dara a gindin darbejiya bayan shagona. Ya ce duk wasannin da ke zuwa cikin na'urorin nan na jirage ne da motoci, babu wanda ya taɓa koya mata dara. Ya ce shi ya san na'ura, ni na san dara, mu haɗa. In ta yi, zai koma gaban allo da alli a hannu, matarsa ta huta da hayaƙi.

Wata bakwai muka yi. Gidajen dara talatin muka zana a takarda mai ƙananan murabba'i, da tsakuwa da tsinke, kowane ɗigo muka mai da shi lamba. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuya shi ne koya mata tunani. Ustaz sai ya tambaye ni, in ka ga na jera biyu me kake yi? In ce toshewa. Ya ce ta ina ka san biyu ne? In ce ai ina gani. Ya ce ita ba ta da ido, faɗa min yadda makaho zai sani. Haka ya riƙa tatsata har na gane ashe shekara talatin ina buga dara ban san yadda nake bugawa ba. Sati uku muka yi kafin ta daina jera huɗu tana cewa ta ci. Da muka kusa gamawa cikinta ya cika, ba wurin ƙarin layi ko ɗaya, dole muka cire gaisuwar da muka sa a farko da ɗan kiɗan da take yi in ta ci, don mu samu wurin saka mata dabarar gudu. Ranar da ta fara cin Malam Tanko, gwanin gindin darbejiya, ya ce ni ne nake danna wani abu da ƙafa, ya duƙa yana leƙa ƙarƙashin tebur.

Aka sa mana ranar Alhamis mu kai Sahafa. Kaset biyu muke da su. Sati ɗaya kafin ranar, rakoda ta cinye ɗaya, ta tauna shi kamar akuya. Saura ɗaya. Na ce wa Ustaz ya kwantar da hankalinsa, ina da rakoda mai baki biyu a gida, ran Juma'a zan nemo kaset in kwafe. Na kai shi gida na jefa cikin kwalin kaset-kaset ɗina, ban rubuta komai a jikinsa ba, don ni na san kayana. Kuma ban ɓalle masa ɗan haƙorin nan na baya ba, wanda in ka ɓalle ba a iya ɗaukar komai a kai. Ni, Garba, da na yi shekara ashirin ina yi wa kowane mai kaset wa'azin ɓalle haƙori.

Ku ba ku san saƙon kaset ba. A lokacin wanda ke da ɗa a Jidda ko dangi a Kano ba wasiƙa yake rubutawa ba, tsofaffinmu ba su iya ba. Rakoda ake sawa a tsakar gida a yi magana, a ba matafiyi ya kai. Goggo Hajjo, ƙanwar babana, a gidana take zaune, ɗanta Sani yana Jidda. Ran Juma'ar nan na tafi masallaci, na zarce gidan suna. Ashe an aiko mata cewa Alhaji Ɗanjuma na Hillat Kuku zai kama hanyar Jidda da safe, mai saƙo ya kawo yau. Ta nemi kaset babu. Ta buɗe kwalina tana sawa ɗaya bayan ɗaya. Na wa'azi ta ajiye, na waƙa ta ajiye don kada in yi faɗa.

Da na dawo na duba kwali babu shi, na tambaya. Ta ce, ko a jikinta, “Wanda ya lalace na ɗauka, ban taɓa maka masu kyau ba.”

Na ce, “Goggo, wanne ne ya lalace?”

“Mai kukan gyaren nan. Na saurara gaba na saurara baya, babu mutum a ciki. Kai da ake kawo wa gyara daga Bahri, ka bar lalatacce a ɗakinka, ko kunya.”

Na ce mata aikin wata bakwai ne a ciki, abincin gidan Ustaz ne. Ta ce in ba a son a taɓa abu ai magana ake sa masa a ciki, yadda mai ji zai gane na mutane ne. Da wa zan yi faɗa? Ita ta yi min wankan jariri.

Na fita da gudu. Daga Umbadda zuwa Hillat Kuku ran Juma'a a shekarar babu fetur, ku tambayi kakanninku. Na maƙale a bayan wata lori har gada, na tsallake da ƙafa, wani mai amalanken jaki ya rage min hanya. Na iske Alhaji Ɗanjuma yana ɗaure kaya, da jaka guda cike da kaset-kaset na mutane, kowanne da ƙyalle ɗaure a jikinsa don shaida. Ya ce ba zai ba ni ba, amana ce ta tsohuwa, amma in saurara a gabansa. Ina ta addu'a ko ta fara daga tsakiya, ko ta ɗauki gefe ɗaya. Aka danna. Goggo ta yi sallama tun daga farkon zare. Ta gai da Sani, ta gai da matarsa, ta gai da maigidansa Balarabe da ba ya jin Hausa, ta faɗi wanda ya mutu da wanda ya haihu, ta yi ƙarar ƙafarta, ta yi ƙarata cewa na koma wasa da talbijin kamar yaro. Aka juya ɗaya gefen, ashe ta tara matan unguwa kowacce ta sa baki. Ko tarin gyare ɗaya bai rage ba. Na mayar wa Alhaji kaset na ce ya gai da Sani.

Da safe na faɗa wa Ustaz. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi. Ya cire tabarau ya goge, ya ciro littafinsa. Rabin farko na barnamij yana rubuce a ciki. Rabin ƙarshe, inda duk tunaninta yake, a kan talbijin muka yi ta gyara shi, ba a takarda ba. Ya ce kwana biyar ba za su isa ya sake ƙirƙiro abin wata huɗu ba, a bari kawai.

Na zauna na fara danna rabin farkon don in samu abin kallo ban da fuskarsa. Da na kai ƙarshen littafin, sai na ji bakina ya wuce. Dama haka nake dannawa, ina rera layin da murya ina kaɗa kai kamar mai wanke allo, har maƙwabta na yi min tsiya. Wuta ta ɗauke mana sau ba adadi, kaset ya ƙi hawa sau ba adadi, kowane layi na danna shi ya fi sau ashirin. Ban san ma'anar rabinsu ba, amma da ma a allo ban san ma'ana ba. Ustaz ya sa tabarau ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in ci gaba, kada in tsaya in yi tunani, don in na yi tunani zan ɓata. Haka muka yi kwana biyar, ina jawowa yana rubutawa a littafi yana dubawa. Inda na kakare sai in koma baya layi uku in taho da gudu, kamar yadda ake yi in aya ta ɓace. Inda ya ƙi zuwa sam, ya cike da kansa. Na aro batirin mota don kada kahraba ta yi mana nata halin. Ran Laraba da la'asar ta buga dara daga farko har ƙarshe. Muka ɗauka a kaset uku, na ɓalle haƙoransu har na kusa fasa ɗaya.

Ran Alhamis na ɗauki na'ura a ka, Ustaz ya rungumi rakoda, muka isa Sahafa. Mutumin ya karɓe mu da lemo. Bai san dara ba, sai da na koya masa, ta cinye shi sau biyu a jere yana ta dariya. Ya ce wallahi bai ga irin wannan ba a duk Khartum. Sannan ya tura ƙofa ya rage murya. Ya ce ya kai sunayen malamansa inda ake kaiwa don a ba shi izinin buɗewa, an ja layi a kan na Ustaz, in ya ɗauke shi ba za a bar shi ya buɗe ba. Tun sati biyu ya sani. Ya ce amma a bar masa kaset ɗin, ɗalibai za su amfana, zai sa sunan makaranta a farko.

Tun sati biyu ya sani, ya bar mu muna aron batir. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da ake faɗa wa irinsa a kasuwar Umbadda, Ustaz ya dafa min gwiwa. Ya tashi ya ciro kaset daga rakoda ya sa a aljihun jallabiya, ya yi godiyar lemo. Muka fito. Bayan wata biyu ya tafi Yaman koyarwa a wani ƙauyen kan dutse, iyalinsa suka bi shi daga baya, can aka binne shi.

Amma a ranar, da muka sauka mota muka zauna wurin mai shayi, bai yi maganar mutumin ba ko kalma ɗaya. Ya kurɓa ya ce, “Usta, ka lura a wasa na biyu? Ya jera biyu a layin hagu ba ta toshe ba. Da ya iya da ya ci ta.”

Na ce na lura.

“Akwai layin da ka tsallake a wajen lamba dubu uku da ɗari biyu. Ka nemo shi.”

Na ce, “Ustaz, wa zai buga kuma?”

Ya dube ni ta saman tabarau kamar yadda yake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya ce, “Ban tambaye ka wa zai buga ba.”

Kusan wata biyu na yi ina nemansa, babu mai jira, babu mai biya, ga rediyoyin mutane a jibge suna zagina. Ba haddar ce ta kawo shi ba, don ya ɓace a kaina ɗungurungum. Zama na yi na tambayi kaina yadda makaho zai san an jera biyu a hagu, na rubuta layin da kaina, na farko kuma na ƙarshe da na taɓa ƙirƙira ni kaɗai. Na nuna masa ana gobe zai tafi. Ya karanta sau biyu, ya ce ya yi tsawo, shi da rabin wannan zai yi. Sannan ya zauna ya buga ta hagu, ta toshe shi.